A-kori-kurar Gwaggo Mai Giyar Murɗawa

Tun da muka dawo daga Kwatano ban ƙara shan shayi da zafinsa a tashar Malumfashi ba. Da na zauna kan benci sai wani ya matso kusa, "Isyaku, wai da gaske ne motar nan ba ta da giya?" In fara ba shi labari, in kai rabi, wani ya iso ya ce a faro masa daga farko. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa takarda, in ya so ya bar ni in karya kumallo.

Ga wanda bai san ni ba, ni direba ne, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ina jan motar Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifinmu. A Funtua take aure, sana'arta sayen masara da waken suya a ƙauyukan Kafur da Gozaki, mu loda mu kai kasuwa. Tsohuwar a-kori-kurarta ta yi mana ƙoƙari, amma bana ana gab da fara yankan masara injin ya buga a hanyar Bakori, bakanike ya duba ya ce sai dai haƙuri. Gwaggo ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce Kwatano za mu, don ta san garin tun tana yarinyar mace tana sarin atamfa, kuma da ƙafarta za ta je ta zaɓa.

Na ukunmu shi ne wana, Yaya Haruna, wanda ya koya mani tuƙi. Shekara huɗu da suka wuce ya faɗo daga saman lodi yana ɗaure igiya, kafaɗarsa ta dama ta samu matsala. Yatsun suna motsi, amma hannun ba ya iya turawa, ba ya iya janyowa, kuma kun san da hannun dama muke sa giya. Ya taɓa gwada wata ƙaramar otomatik a tasha, sandar ta ƙi janyuwa a gaban mutane, tun daga ranar ya ajiye maganar tuƙi, ya koma Gozaki wajen Inna mahaifiyarmu yana kula da 'yan tumaki. Da Gwaggo ta ce da shi za a tafi, ya ce me zai je ya yi?

"Kunnenka nake so," in ji ta. "Isyaku hannu gare shi, amma in inji na tari ba ya ji sai ya mutu."

Ban ji daɗin maganar ba, sai dai gaskiya ce.

Daga Funtua muka hau doguwar bas ta Legas. Gwaggo ta taho da guzuri kamar za mu Hajji ta ƙasa: dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin fura, da filas biyu. Kafin mu wuce Kaduna ta san sunan kowa a layinmu da abin da zai kai shi kudu. Ni da Yaya kuwa aikinmu ɗaya, sauraron direban bas. Duk sanda ya makara wajen canja giya sai Yaya ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa, ya ce a hankali, "Yanzu fa... yanzu... kash." A Legas muka kwana Agege gidan wani ɗan garinmu mai sayar da goro, wanda ya hana mu motsi sai da muka ba shi labarin daminar bana gona-gona.

Washegari muka nufi iyakar Seme. A mota Gwaggo ta koya mani Faransanci na gaggawa. Ta ce in an yi mani magana ban gane ba, in yi murmushi in ce "wi", wato i. Da muka shiga ɓangarensu, wani jami'i ya karɓi takarduna da katin rigakafi, ya yi tambaya na ce wi. Ya sake yi, na ce wi. Ya nuna Gwaggo ya yi ta uku, na washe baki na ce wi, wi. Sai na ji saukar mafici a ƙeyata.

"Don ƙaniyarka, cewa ya yi ni matarka ce!"

Jami'in ya yi dariya har da dafa tebur, ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa. Yaya ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Rabon da in ga ya yi dariya irin wannan har na manta.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Kwatano shi ne 'yan acaɓa. Zemijan suke ce musu, kowa da riga ruwan ɗorawa, in danja ta tsayar da su sai ka ga titi ya zama kamar gonar da ta yi fure. Mata kuma kowace da babur ɗinta, goyo a baya, kwando a gaba, ba mai ko waiwayarta. Man fetur a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin titi, kuma da na tambaya aka ce yawancinsa daga wajenmu yake zuwa. Na ce to sannu da zuwa, ashe tare muka taho.

A unguwar Zongo muka sauka, gidan Alhaji Mamman, tsohon mai masaukin Gwaggo. Dattijo ne fari mai son zance, asalinsa mutumin Nijar, Hausarsa ta cakuɗe da Faransanci. Babbar mota kamiyo ce a wajensa, makaranta kuma lakwal. Da safe aka kawo mana burodi dogo kamar taɓarya, bayansa da tauri har ya kankare mani dasashi, amma cikinsa laushi. Da rana kafa ce, wani irin tuwon masara, da miyar kifi da wani cukun Fulani da suke soyawa ja, wagashi. Na ci na ƙara. Akwai kuma wata kalma da ba na mantawa. Na yi tuntuɓe a bakin masallaci, mutum uku suka ce "dusuma" a tare. Na ɗauka faɗa suke mani, ashe ita ce sannunsu. Ko kai ka taka mutum, shi zai ce maka dusuma. Sannan da rana ta take sai gari ya yi tsit, ofis-ofis su rufe, kowa ya je ya miƙe ƙafa sai wajen la'asar. Gwaggo ta ce in aka kawo wannan al'ada kasuwar Funtua, kafin ka farka an saye masarar duka.

Alhaji Mamman ne ya kai mu filin motoci da ke bayan gari. Ban taɓa ganin ƙarfe da yawa haka ba, iyakar ganinka gilashi ne ke walƙiya. Muka fara da irin wadda na saba, mai sanda a ƙasa. Aka tayar da ta farko, Yaya ya sunkuya ya kara kunne, ya girgiza kai. Ta biyu ya ce tana shan baƙin mai. Ta uku ni har na zauna ciki na ji sandar ta cika mani hannu, raina ya kwanta, sai ya ce in taka totur in saki. Na yi. Ya ce, "Fito. Wannan ba za ta ga kaka biyu ba."

Can ƙarshen layi akwai wata fara, ƙatuwa, mai ƙofa huɗu, aka ce daga Amurka ta zo. Mai ita ya buɗe mani na hau. Ƙafata ta hagu ta nemi kuloci ta taka wayam. Ban damu ba, na san otomatik. Na kai hannu ƙasa inda sanda take, na damƙo iska. Na laluba bayan sitiyari ko irin mai sanda a wuya ce, sai na kunna abin share gilashi. Na leƙa har ƙarƙashin kujera.

"Alhaji, tambaye shi ina giyar. Ko an cire ta a jirgi?"

Mai motar ya nuna mani wani abu zagayayye a jikin allon gaba, dama da sitiyari, daidai gwiwa. Girmansa bai wuce murfin filas ba. A samansa haruffa huɗu, P, R, N, D. Ya ce ka taka birki ka murɗa, shi ke nan.

Na sauko na ce wa Gwaggo mu wuce. Na jero mata dalilaina, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba. Sanda ƙarfe ce, hannunka na jin abin da ke faruwa a cikin giya, wannan kuwa waya ce kawai ke kai saƙo. In ta lalace a dajin Gozaki wa zai gyara? In batir ya mutu ba a tura ta ta tashi. In na ɗauko buhu talatin na zo gangara, da me zan riƙe ta? Mai motar ya nuna wasu 'yan maɓallai biyu a kan sitiyari, ya ce da su ake tsare ta a ƙaramar giya. Na ce ni da hannu aka koya mani, ba da danne-danne ba.

Yaya bai ce komai ba sai, "Tayar da ita mu ji." Na koma na zauna, na taka birki na tayar. Shi kuma ya shigo ta ɗaya ƙofar ya matso kujerar tsakiya, ya sunkuyar da kai yana saurare, hannunsa na dama ajiye a kan gwiwarsa kamar kullum. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Injin nan lafiyarsa lau. Riƙe birki, ina so in ji shigar giyarta." Kafin in kai hannu, sai na ga ya tallabo hannun nan da na hagu, ya ɗora yatsu biyu a kan murfin, ya murɗa. Ƙyat. Mota ta ɗan nisa ta shiga ribas. Ya sake murɗawa, ƙyat, ƙyat, ta shiga D. Ya mayar da ita P, ya janye hannunsa da sauri ya fita, ya tsaya can yana duba taya.

Gwaggo na tsaye a bakin taga. Ta ce wa Alhaji Mamman, "Ita za mu ɗauka."

Na bi ta gefe ina magiya. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Kai ba ka ga hannun yayanka ba?"

Na waiwaya na dubi Yaya a can wajen taya.

"To na gani. Kada ka ce masa komai. Kai dai ja mu zuwa gida."

Kwana uku aka yi ana takardu, muka yi sallama da Alhaji Mamman, ya cika mana jaka da burodinsa mai kankare dasashi. A iyaka na sha kunya ta biyu. Bayan an gama duba takardun kwastan, wani jami'i ya ce in ja baya kaɗan in ba wata tirela hanya. Na murɗa zuwa R, na buɗe ƙofa na leƙa baya yadda kowane direban kaya yake yi. Mota ta yi ƙara ta tsaya cik. Na duba, ta mayar da kanta P. Na sake murɗawa, na sake buɗe ƙofa, ta sake tsayawa. Mai tirela ya danne oda, na baya suka taya shi, gumi ya jiƙa mani riga. Jami'in ya zo ya tura ƙofar ya rufe, ya nuna mani ɗan talabijin da ke allon gaba, ga bayan motar nan tar a ciki. Ya ce cikin Hausarsa ta barikin soja, "Aboki, wannan mota ba ya son ka faɗi ƙasa." Yaya daga kujerar baya ya ce, "Ta fi ka hankali ke nan."

A cunkoson Legas ne na fara sassautowa. Awa biyu muna tafiyar hawainiya, wanda da tsohuwar mota ce da ƙafata ta hagu ta yi tsami har cinya. Nan kuwa ƙafar na ajiye tana hutu. Hannuna ne dai ya ƙi yarda. Duk sanda inji ya ɗaga murya sai ya tafi neman sanda da kansa. Sau ɗaya ya faɗa cikin robar dambu, sau ɗaya ya kifar da goron Gwaggo.

Gwaggo kuwa ta samu abin da take so. Tun da babu sanda a ƙasa, gaban motar fili ne, ta miƙe ƙafafu ta ajiye jaka da filas da buta. Ta ce, "Shekara talatin ina zama a gaban a-kori-kura. Gwiwar nan tawa ta san giya ta biyu, ta san ta huɗu, ribas kuwa har tabo ta bar mani. Yau ga ni kamar a falo." Bayan mun wuce Ibadan rediyo ya kama wata tasha mai kiɗa da ƙarfi, ita kuma tana so ta amsa waya. Ta miƙa hannu ta murɗa abin da ta ga ya yi kama da na rage murya. Inji ya yi kururuwa, mota ta saki jiki tana gangarawa. Ta sa mu a firi, wato N, muna tsakiyar titi. Na yi salati na mayar da ita D.

"Gwaggo, giya ce wannan!"

"To wa ya ce su ajiye ta kusa da rediyo? In kana da makaho a gida, ka ajiye gishiri kusa da sukari?"

Daga nan na ɗaura wa murfin jan zare, don kowa ya san ba na kiɗa ba ne.

A Ilori muka tsaya sallar azahar, kuma a nan Gwaggo ta gwada sa'arta. Filin masallacin babba ne, ba kowa. Ta ce, "Haruna, ɗan zagaya da ita mana ka ji yadda take a hannu." Fuskarsa ta canja nan take. Ya ce, "Gwaggo, kunne kika ce kina so, na ba ki. Kada a mayar da ni abin kallo a garin mutane." Ya shige baya ya rufe ƙofa. Har muka isa Jebba ba wanda ya yi magana. A bakin gada na sayi busasshen kifi da yaji a wajen wata Banufiya don in wanke shirun, na ci fiye da rabi ni kaɗai, su biyun suka ce sun ƙoshi.

A Mokwa muka kwana, a wani masauki da direbobin tanka ke sauka. Da safe na danna maɓallin tayarwa, ko tari ba ta yi ba. Ashe fitilar bodi na kunna da yamma muna neman buta, na manta ban kashe ba. Nan da nan direbobi suka taru, mutanen kirki, kowa ya naɗe hannun riga. "Sa ta a firi mu tura!" Na murɗa, murfin ya ƙi motsi, don shi ma da wuta yake aiki. Mutum takwas suka dafa mota ta ƙi gusawa ko taku ɗaya. Ban ɓoye jin daɗina ba. Na dubi Gwaggo na ce, "Na faɗa ko ban faɗa ba?" Ta ce, "Ka faɗa. Wa ya bar fitila a kunne?" Wani dattijo mai tanka, Bazazzagi, ya juyo da motarsa ya kawo wayoyi. Yaya ne ya nuna inda za a maƙala, ya hana su haɗa ta da batir biyu kada a ƙona mata kai. Ta tashi. Dattijon ya ce kada mu kashe ta sai mun yi tafiya mai nisa.

Ba mu yi nisan ba kifin Jebba ya tashi neman hakkinsa. Na tsaya na shiga daji da buta. Na dawo muka ɗan taɓa, na sake tsayawa. A tsayawa ta uku da na fito, titi na ninkuwa biyu a idona. Na zauna a gindin taya na ce, "Gwaggo, wallahi ba zan iya ba." Wurin daji ne, ba gida ba rumfa, ba inda mai hankali zai so ya daɗe da sabuwar mota. Inji na ta aiki, ba halin kashewa.

Gwaggo ba ta roƙe shi ba. Ta dai ce, "Haruna, ƙanenka na bukatar magani, Bida kuma da sauran tafiya. Ni ban iya ba." Ta hau ta zauna ta rufe ƙofa.

Yaya ya daɗe a tsaye yana kallon titi. Sannan ya kama ni da hannun hagu ya sa ni a kujerar baya, ya zagaya ya hau. Ya matso da kujera gaba har gwiwarsa ta kusa taɓa allo, ya gyara madubi, ya yi bismilla. Ina kwance ina hangen yatsun nan biyu. Ƙyat, ƙyat, ƙyat. Ya saki birki.

Da farko tafiya yake kamar mai ɗauke da ƙwai. Bayan kamar minti goma na ji ya gyara zama. Ramukan hanyar nan kuwa, waɗanda ni nake faɗa wa rabinsu, shi sai ya bi ta gefensu kamar da shi aka haƙa su. Hannun dama na kan gwiwa, na hagu na kan sitiyari, ba abin da ya rage masa. Gwaggo ta juya fuska wajen taga tana ta jan carbi, ba ta yarda ta dube shi ba.

Kafin Bida muka tarar da masu duba takardu. Gabana ya faɗi, don na san shekara huɗu ba ya tuƙi. Jami'in ya ce lasin. Yaya ya laluba aljihun gaba ya zaro ya miƙa. Sabo fil, da sauran wa'adinsa. Da muka wuce Gwaggo ta ce, "Haruna, yaushe ka sabunta wannan?"

"Bara," in ji shi. "Na dai ce kada ya mutu."



A Bida aka saya mani magani da ruwan gishiri da sukari, kuma gaskiya kafin mu kai Lambata na warware sarai. Amma da na ɗaga kai na ga yadda Yaya yake zaune, har yana ɗan kaɗa yatsa a kan gwiwa, sai na koma na kwanta na ci gaba da nishi. Duk sanda ya duba madubi sai in dafe ciki. Haka har Kaduna, inda muka kwana gidan wata 'yar Gwaggo. Da safe na fito ina jan ƙafa, na ce har yanzu jiri nake ji.

Yaya ya dube ni sama da ƙasa. "Mai jiri ne ya share kwanon ƙosai da kofi biyu na koko?"

"Ƙarfin hali ne kawai, Yaya."

"Maƙaryacin banza," ya ce, yana dariya. "Shiga baya."

Kafin in kai ku gida, bari in amsa tambayar da kuka fi damuna da ita, wato wacce ta fi. In ni za a saya wa, har gobe mai sanda nake so. Ina son in ji giya a tafin hannuna, ina son motar da in ta mutu a ƙauye mutum huɗu za su tura ta ta tashi, wadda kowane bakanike a Malumfashi ya san cikinta. Mai murɗawa tana da fili, tana da hutu a cunkoso, ba ta gajiyar da mutum, amma sai ka kula da batir kamar jariri, kuma sai ka riƙa kallon harafin da ka sa, don hannu ba ya gaya maka. Yanzu dai an sa wa tsohuwar wani inji, ni nake jan ta, farar kuma tana hannun Yaya. Kowa ya samu daidai shi.

Da muka iso Funtua na ɗauka gidan Gwaggo za mu tsaya, har yaran unguwa sun fara biyo mu. Ta ce a'a, a wuce Gozaki, akwai wadda ta fi kowa hakkin ganin motar nan. Muka bi ta cikin gonaki, masara ta bushe a tsaye, wasu har sun fara yanka. Duk wanda muka wuce sai ya ɗaga hannu, sannan ya sake dubawa da kyau, ya saki lauje ya bi mu da kallo.

Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni sosai, ba ta gane mutum sai ya yi magana. Ba mu gaya wa kowa a waya abin da ya faru a hanya ba. Da muka shawo kwanar gidanmu, Yaya ya danna oda yadda ya saba yi a da in ya dawo daga tafiya, gajeru biyu da doguwa ɗaya. Ni ban taɓa yin irin ta ba, tawa guda ɗaya ce.

Kafin mu gama tsayawa sai ga ta a bakin zaure, ba mayafi, ba sanda, tana dafa bango. Matar Yaya na biye da ita tana cewa, "Inna, a hankali, su Isyaku ne suka dawo da motar Gwaggo."

"Ke rufe mani baki," in ji Inna. "Na san odar Isyaku. Wannan Haruna ne."

Ta lalubo har jikin motar, ta bi ƙarfen da hannu har ta kai taga. Ta shafa fuskarsa, ta gangaro ta kafaɗa, ta bi hannun hagu har ta same shi riƙe da sitiyari. Ta tsaya a nan. 

"Tun daga ina?" ta tambaya.

"Tun daga bayan Mokwa, Inna."

"Nesa ne?"

"Da nisa."

Ta gyaɗa kai, ta ce alhamdu lillahi sau uku. Sannan ta juya wajen matar Yaya ta ce a ɗauko mata mayafi da takalmi. Gwaggo ta ce ina kuma za ki, ko ruwa ba mu sha ba?

"Ku ku sha," in ji Inna. "Ni ɗana zai kai ni gona in ji yadda masarar ta yi. Isyaku, buɗe mani gaba."